RUWAN SHA DA JUJI A JIBIYA: ALHAKIN WA NE?

Duk wanda ya san Jibiya ya san ta da abu uku. Na farko kasuwarta ta ranar Lahadi, wadda ke tara fatake daga Katsina da Zamfara da ƙasar Maraɗi. Na biyu bakin iyaka na Magama, inda motoci ke ƙetarewa zuwa Ɗan Isa cikin Jamhuriyar Nijar. Na uku babbar madatsar ruwa da aka gina a kan gulbin Gada. Amma akwai abu na huɗu wanda ba a cika maganarsa ba sai annoba ta faɗo, watau ruwan da talaka ke kai wa bakinsa da wurin da ya ke zubar da shararsa. A ganinmu waɗannan biyu magana ɗaya ce, kuma ita mu ke so mu tattauna yau da malaman ofis da malaman makaranta, gama su ke riƙe da alƙalami da alli, waɗanda in babu su gyaran ƙasa ba ya ɗorewa.

Abin Da Ya Faru A Yulin 2018

Ran 5 ga Yuli 2018 aka kai mutum 3 'yan gida ɗaya asibitin N'Yelwa, cikin gundumar Madarunfa ta Nijar, suna fama da amai da gudawa. Bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya daga ƙasar Jibiya suka fito, kuma da aka auna aka tarar kwalara ce. Kafin farkon Oktoba mutum fiye da 3,600 sun kamu a Nijar, 68 sun rasu, cutar ta kai jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso. Da dama daga cikin majinyatan 'yan Nijeriya ne da suka ƙetara neman magani. Ba mu kawo wannan don a ɗora wa mutanen Jibiya laifi ba, domin a shekaran nan kwalara ta kama mutum fiye da 40,000 a jihohi da yawa na Nijeriya. Mun kawo shi don a ga hanyar da cuta ke bi.

Kwana 10 bayan haka, daren Lahadi 15 ga Yuli, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya. Kafin gari ya waye ambaliya ta ci rai fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta tafi da dabbobi da hatsi, har wasu gawawwakin sai cikin ƙasar Nijar aka tsamo su. Cikin wata ɗaya ke nan cuta ta ƙetare iyaka ta hanyar mota, ruwa kuma ya ƙetare ta hanyar gulbi.

A lura da yadda abubuwan nan biyu suka zo a jere. Kwalara ta riga ambaliya zuwa, don haka wanda ya ce ambaliya ce ta kawo ta bai yi daidai ba. Aikin ambaliya shi ne ta kwashe abin da ta tarar, ta cika salga har ta tumbatsa, ta ɗebi juji da kashin bayan gari ta zuba cikin rijiya da kududdufi. In ta tarar da gari tsab, ɓarnarta ta tsaya ga gini da dukiya. In ta tarar da shi cikin ƙazanta, sai ta bar ciwo a baya. A 2021 cutar ta komo da ƙarfi, ta kama mutum fiye da 111,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,600, kuma Jihar Katsina na cikin waɗanda suka fi shan wuya, ta kuma sake ɓulla a jihar Maraɗi.

An rufe iyakar Jibiya daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Rufe ƙofa ya tsai da motocin kaya, amma bai tsai da gulbi ba, bai kuma hana 'yan'uwa zuwa biki da jana'iza ta hanyoyin ƙauye ba. Kwastan ba shi da sandar da za ta tare ƙwayar cuta.

Ruwa Akwai Shi

Sau da yawa a kan ce ƙasarmu ƙasar fari ce, shi ya sa ba mu da ruwan kirki. Bari mu yi lissafi irin na ɗan aji shida. Madatsar Jibiya, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980 domin noman rani da ruwan sha, tana iya ɗaukar ruwa mita-kubik miliyan 142, kowace mita-kubik kuwa lita 1,000 ce. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 169,748 a ƙaramar hukumar Jibiya. Masana kiwon lafiya sun ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana, na sha da girki da ɗan wanki, lita 20 ne. In aka ninka mutum 170,000 sau lita 20 sau kwana 365, za a sami wajen mita-kubik miliyan ɗaya da rubu'i, watau bai kai kashi 1 cikin 100 na cikin madatsar ba. Ko a ce jama'a sun ninka tun daga ƙidayar nan, abin bai kai kashi 2 ba.

Gaskiya ne madatsa ba kowace shekara ta ke cika ba, rana na shan rabonta, yashi na cike gindinta, manoman rani na da hakki, mutanen da ke ƙasan gulbi su ma suna da nasu. Duk da haka lissafin ya nuna inda gizo ke saƙa. Ruwan madatsa ba ya hawa tudu da kansa, ba ya kuma tace kansa. Yana bukatar inji, inji na bukatar mai ko lantarki, tacewa na bukatar alif da kulorin, bututu na bukatar mai gyara. Kowane ɗaya cikin waɗannan kuɗi ne na kowane wata, kuma a nan ayyukanmu suka saba mutuwa. Kuɗin gini a kan same shi, gama gini na da ranar buɗewa da kiɗa da jawabi. Kuɗin gyara ba shi da ranar biki, don haka ba shi da mai nema.

Haka abin ya ke ga rijiyoyin burtsatse na ƙauye. Wani bincike na Bankin Duniya a 2017 ya tarar kashi 38 cikin 100 na wuraren ɗiban ruwa da aka gina a Nijeriya ba su aiki, kuma kusan kashi 30 cikin 100 kan lalace tun cikin shekararsu ta farko. Galibi abin da ke kashe famfon tuƙa-tuƙa ƙaramin abu ne: roba ta cinye, sarƙa ta tsinke, ƙusa ta kwance. Da ya tsaya sai mata da yara su koma kududdufi, ko su tona rami cikin yashin gulbi, inda shanu da jakai ke sha.

Daga Bakin Rijiya Zuwa Moɗa

Ko ruwa ya fito da kyau daga ƙasa, akwai wurare huɗu da ya kan ɓaci kafin ya isa ciki. Na ɗaya bakin rijiya, in ba a yi mata dakali da murfi ba, kowa kuma na jefa gugansa da ya ajiye a ƙasa. Na biyu salgar da aka haƙa kusa. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30, watau kimanin ƙafa 100, tsakanin salga da rijiya, kuma rijiya ta kasance ta wajen tudu. Na uku jarkar ɗan garuwa, wadda kan yi wata ba a wanke cikinta ba. Na huɗu randar gida, inda babba da yaro ke tsoma moɗa har da yatsu.

Akwai wani kuskure da ya kamata malamai su gyara wa jama'a. Mutane da yawa na tsammani in an jefa alif ruwa ya kwanta, ya yi garau, shi ke nan ya shawu. Alif laka ya ke kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Abin da ke kashe ta tafasawa ne, ko kulorin bisa gwargwado, a bar shi minti 30 kafin a sha. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara ko ta taifot ko ta atuni, ruwa mai haske na iya ɗauke da su duka. A birnin Landan a 1854 wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi mutuwar kwalara yana sa alama a taswira, har ya gane famfo ɗaya suka sha, famfon da mutane ke yabon daɗin ruwansa. Aka cire hannun famfon. Abin da ya yi aiki da shi taswira ce da ƙidaya, kayan da kowane malamin ofis ke da su.

Jujin Da Da Jujin Yau

Kakanninmu ba su ɗauki juji abin banza ba. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida duk taki ne, kuma da rani a kan kwashe su a mangala a kai gona. Manoman kewayen Kano sun shahara da wannan, da shi suka riƙe gonakinsu shekara da shekaru ba hutu. Jujin wancan zamani yana da mai so, shi ya sa bai daɗe a bakin hanya ba.

Leda ce ta ɓata wannan tsari. Tun da baƙar leda ta maye gurbin ganye da faifai a kasuwa, ruwan leda kuma ya bazu daga shekarun 1990, juji ya zama gauraye. Manomi ba ya son takin da ke cike da leda da batir da allurar asibiti, gama leda ba ta ruɓewa, tana hana ruwa ratsa ƙasa, akuya ko saniya kuma in ta haɗiye ta sai ta rame har ta mutu. Da manomi ya daina kwasa sai juji ya tsaya inda ya ke. Iska ta kai leda lambatu, lambatu ya toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, ƙuda ya tashi daga juji ya sauka a kan tsire da fura. Wanda ya sayi ruwan leda don gudun ciwon ciki, ya yar da ledar a kwata, ya sayo wa kansa zazzaɓi.

Garin iyaka kuwa nauyinsa ya fi na sauran garuruwa. Ranar kasuwa baƙi kan yi yawa ƙwarai, direbobi da yaran mota kan kwana suna jiran takarda, kowa na ci yana sha, kowa kuma dole ya kewaya. Ga mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka kora, irin na Shimfiɗa da suka cika Jibiya a 2022. Ga hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, wadda aka tsara ta bi ta Jibiya. Gari mai karɓar baƙi haka ba a auna masa salga da famfo da yawan mazaunansa kaɗai.

Nijar ta kafa doka a 2014 ta hana ledar nan marar kauri, amma duk mai zuwa Maraɗi ya san leda ba ta ɓace ba. Ruwanda ta hana a 2008, ta bi dokarta da tsanani, ta ga amfani. Doka sai da mai binta, kuma a bakin iyaka sai ɓangarorin biyu sun yi tare. Kafin a kai can akwai abin da kowane gida zai iya: a ware shara kashi biyu, mai ruɓewa a rami don taki, leda da gwangwani a buhu dabam. Da an ware, manomi zai komo neman takinsa, masu sayen roba da ƙarfe su ɗauki nasu, abin da ya rage wa hukuma ta kwashe sai ya ragu ƙwarai.

Darasin Kurkunu

Ga wanda ya ce halin mutanenmu ba ya sakewa, sai mu tuna masa da kurkunu. Dattawa sun san yadda ya ke kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa, ɗan makaranta ya yi wata biyu bai taka aji ba. Ƙidayar da aka yi a 1988 ta sami mutum fiye da 650,000 da shi a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Da me aka kashe shi? An koya wa mutane cewa wani ƙanƙanen ƙwaro ne na cikin kududdufi ke ɗauke da shi, a tace ruwa da ƙyalle, mai ciwo kada ya tsoma ƙafa a ruwan sha. Aka sa mutum a kowane ƙauye da littafi yana rubuta duk wanda ya kamu, yana aika lissafi kowane wata. Cibiyar Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka yana matsa wa hukumomi su haƙa rijiyoyi. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, kuma a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar duka sun rabu da shi. Ilmi da littafin ƙidaya da naci suka yi wannan aiki, ba wani abu ba. Haka nan Jihar Jigawa maƙwabciyarmu ta zama ta farko a 2022 da aka shaida ta daina bahaya a fili.

Wa Doka Ta Ɗora Wa?

Zamanin En'e kowa ya san duba-gari. Ya kan shiga gida ya leƙa randa da salga da kwatami, wanda ya ƙi gyara a kai shi gaban alƙali. Akwai tsoro cikin abin, wani lokaci har da zalunci, ba ma kuwa neman a komo da wannan. Amma akwai abu ɗaya mai kyau: an san mai alhaki. An rushe En'e a gyaran 1976, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na 4, ya ɗora musu kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a da kwashe shara. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ashe ba doka ce ta yi ƙaranci ba.

Shawararmu ga malaman ofis uku ce. Ta farko, a buɗe littafi guda na wuraren ruwa: kowace rijiya da famfo, unguwarsu, shekarar gini, mai aiki ne ko matacce, in matacce ne me ya lalace. Dagatai da masu unguwa su kawo labari kowane wata ta hannun Hakimi, kamar yadda a ke yi da haraji a da. Ta biyu, kada a yarda da sabon famfo sai an san kwamitinsa da makanikinsa da asusunsa. A misali, gida 50 in kowane ya ba da naira 200 a wata, an tara naira 120,000 a shekara, abin da zai sayi roba da sarƙa tun kafin su tsinke. A sa mata cikin kwamitin, gama su ke fara sanin ranar da famfo ya soma tari. Ta uku, wani kaso sananne na kuɗin shiga na kasuwa da tasha ya tsaya a kasuwa da tasha, a yi makewayi da wurin wanke hannu da kwasar shara ran Litinin, a kuma kafe lissafin a allo inda Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da 'yan kamasho za su gani. Mai biyan kuɗi in ya ga aikinsu ba ya gardama.

Aikin Makaranta

Malamin da ya koyar da tsabta a aji, alhali makarantarsa ba salga ba ruwa, yara abin da suka gani za su ɗauka, ba abin da suka ji ba. 'Yan mata manya kuwa sau da yawa rashin makewayi ke sa su zauna gida. Saboda haka kowane hedimasta ya sa wannan a kan gaba cikin rahotonsa, ya maimaita har a gaji da shi. Kafin taimako ya zo, randa mai murfi da moɗa mai dogon hannu da buta da sabulu ko toka ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba.

Sa'an nan a shigar da maganar cikin darasi. A lissafi yara su auna taku nawa ne tsakanin salga da rijiyar gidansu. A labarin ƙasa su zana taswirar unguwa da rijiyoyi da juji, su bi gulbin Gada a taswira su ga inda ya nufa. Kada yaro ya bar firamare bai iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba mai gudawa ana hanyar asibiti. Kwalara ƙarewar ruwan jiki ta ke kisa da shi, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Malaman allo da limamai ma a nemi hannunsu, domin almajiransu na cikin masu shan wahalar nan, kuma maganarsu na da nauyi.

Mu Da Maƙwabta

Gulbin Gada in ya bar Jibiya ya shiga Nijar sunansa gulbin Maraɗi, daga can ya karkato ya komo Nijeriya ta ƙasar Gobir ya faɗa gulbin Rima. Watau abin da muka zuba a Jibiya ya bi ta Katsinawan Maraɗi ya komo wa Gobirawan Sakkwato. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a Maiduguri a 1990 suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan. Abin da ya rage shi ne ƙananan ma'aikata su san juna. Malamin asibitin Jibiya ya kamata ya riƙe lambar wayar takwaransa na Ɗan Isa da Madarunfa, duk wanda ya ga amai da gudawa ya sanar da ɗan'uwansa a ranar. Harshe ɗaya mu ke yi, ba a bukatar tafinta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce mutanen da ba su barci saboda 'yan bindiga ina su ina maganar shara? Maganarsa na da hujja, tsaro shi ne gaba. Amma rashin tsaron nan shi ya tara jama'a wuri ɗaya, ya sa famfon mutum 300 ya zama na 1,000, ya kuma sa tafiya ɗiban ruwa bayan gari ta zama kasada ga mata da yara. Famfo mai aiki a tsakiyar unguwa shi ma wani yanki ne na tsaro. Yaron da gudawa ta kashe kuwa ba a buga labarinsa a jarida, amma uwarsa ta yi rashi daidai da kowa.

Damina ba ta saɓa alkawari. Lambatun da za a yashe, a yashe shi tun cikin Afrilu da Mayu. Rijiyar da za a ɗaga bakinta, a ɗaga tun da rani. Littafin da za a buɗe, a buɗe shi wannan mako. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a 2018, ya ba mu ikon gyara abin da ke hannunmu.